Lissafin da Malam Uwaisu Ya Kai Kano

A shekarar 1985 aka turo ni sakandaren gwamnati da ke kusa da Tsanyawa, in koyar da Larabci da addini. Ranar da na kama aiki shugaban makaranta ya kai ni ofishin malamai ya nuna mini wani tebur, ya ce rabi nawa ne, rabi na malamin fiziks. Malamin yana zaune yana rubutu, dogo ne siriri, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Sai da na yi sallama sau biyu kafin ya ɗago. Ya miƙe tsaye, ya nemi afuwa, ya ce sunansa Uwaisu Ja'afaru, sannan ya janye takardunsa ya ba ni wuri. Ni sunana Iliyasu. Shekara goma sha takwas muka yi a teburin nan, kuma abin da zan faɗa a kansa ko dai na gani da idona, ko shi ya gaya mini, ko iyalinsa.

Mutumin Unguwar Ɗinya ne, tafiyar rabin awa a keke daga makaranta. Wuri ne da babu daji ko kaɗan. Gona na manne da gona, gamba ce kawai ta raba su, kowane gawo da kowace ɗorawa an san mai ita. Da rani jakuna ke ta kai taki, da damina ba ka ganin rufin gida sai ka zo bakin ƙofa saboda dawa. Mahaifinsa, Malam Ja'afaru, manomi ne kuma malami, yana karantar da magidanta littattafan fiƙihu a zaurensa bayan la'asar. Uwaisu ya ce lokacin da dagaci ya zo neman yaran da za a sa a firamare, mahaifin nasa bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Ku ɗauki wannan, ya ishe ni da tambaya, ko a can za a sami mai ba shi amsa."

Daga firamare ya wuce sakandare a Kano, daga nan jami'a. Bayan ya yi bautar ƙasa ya auri Kaltume, 'yar Ɗambatta, mace mai kazar-kazar wadda ta iya soya gyaɗa ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Ba su shekara ba ya sami tallafin karatu zuwa wata jami'a a arewacin Ingila don ya yi digirin dokta. Ya bar ta wajen iyayensa ya tafi a 1981.

Na daɗe ina ganin yana cika takardu da wasu alamomi da ba su yi kama da lissafin da na sani ba, ban tambaya ba. Sai wata rana da ruwa ya tsare mu a ofis, mu biyu kaɗai, na ce, "Malam Uwaisu, wai don Allah mene ne wannan?"

Ya dube ni kamar yana auna ko da gaske nake. Sai ya ja ni bakin taga. Wayar lantarki ta ratsa ta saman filin makarantarmu ta wuce, ko da yake mu ba a taɓa jawo mana wutar ba. Wasu kurciyoyi sun jeru a kanta sun takure.

"Me ya sa wuta ba ta kashe su?" in ji shi.

Na ce Allah ne ya tsare su.

"Haka ne. To ga yadda ya tsare su. Ƙafafunsu biyu a waya ɗaya suke. Ita wuta ba ruwanta da yawan ƙarfin da ke wuri, bambanci kawai ta sani tsakanin nan da can. Da za a ƙara wa duniya duka ƙarfin lantarki daidai wa daida, da ƙasa da waya da ni da kai, ba abin da zai motsa, ba wanda zai sani. Wannan shi muke ce wa daidaito. Ka canza abu, amma dokar da abin ke bi ba ta canza ba."

Ya ce wata malama Bajamushiya ta tabbatar da lissafi, tun zamanin yaƙin duniya na farko, cewa duk inda aka sami irin wannan daidaito, to akwai wani abu a wurin da ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa. Tunda dokar da dutse ke bi ya faɗo ƙasa yau ita ce ta jiya, ita ce ta gobe, shi ya sa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama, daga itace ya koma zafi. Daidaiton da ke cikin lantarki kuwa, shi ya sa cajin lantarki ba ya ɓacewa, sai dai ya tashi daga wani wuri ya koma wani.

Ruwa yana ta dukan kwano, shi kuwa ya manta da ni, yana magana yana zana iska da hannu. "Inda abin ya fi daɗi," in ji shi, "a ce kowane wuri shi zai zaɓi inda zai fara awonsa. Tsanyawa nata daban, Ɗambatta nata daban, kowane taku nasa daban, kuma duk da haka dokar ta tsaya. Ana kiran wannan ƙa'idar geji. Lissafi ya ce zai yiwu, amma da sharaɗi: sai an sami wani abu da zai riƙa kai labari tsakanin wuri da wuri. In ka bi lissafin a hankali ka ce bari in ga mene ne wannan abin, Malam Iliyasu, ka san me za ka tarar? Haske. Wannan hasken da muke ganin juna da shi."

Na ce, "Subhanallah."

"Ni ma haka na ce ranar da na fara gani. Na fita daga laburare na yi ta yawo a cikin sanyi ban san inda nake zuwa ba."

Nasa aikin, yadda na fahimta, shi ne wannan. In aka gangara wajen 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke cikin zarra, dokokinsu daban ne, ana ce musu dokokin kwantam. A can wani daidaiton da kake gani lafiya lau a takarda sai ya karye, abin da aka ce ba ya raguwa sai ya fara yoyo. In na geji ne ya karye, ƙa'idar gaba ɗaya ta rushe. Kafin a gane ko zai karye ko zai tsira sai an yi doguwar wahala ta lissafi, kowace ƙa'ida da tata. Shi kuwa yana ganin akwai gajeriyar hanya guda ɗaya da za ta nuna amsar tun daga nesa. Ya ce ya hango ta tun yana Ingila, saura ya isa.

Abin da ya hana shi isa shi ne talgiram. A farkon 1984 aka buga masa cewa mahaifinsa na kwance. Ya roƙi farfesan da ke duba aikinsa izinin mako shida, ya bar kwat ɗinsa da yawancin littattafansa wajen matar da yake haya a gidanta, ya taho da akwati ɗaya. Kwana tara da isowarsa Malam Ja'afaru ya rasu.

Daminar da ta wuce ba ta yi ba. Uwaisu ya leƙa rumbunan gidan ya tarar biyu babu komai, na uku bai kai rabi ba, ga mutum goma sha tara, har da Inna mahaifiyarsa, suna kallonsa, shi ne babba. Ƙannensa maza biyu sun tafi ci-rani ba labari. Ya ce bari ya tsaya a yi shuka, in gero ya tsaya da ƙafarsa ya koma. Geron ya fito, ya yi kore, ruwa ya ɗauke kwana ashirin da wani abu, ya ƙone. Aka sake shuka, aka sami abin da bai taka kara ya karya ba. A shekarar ne mata suka riƙa dafa tafasa da dusa, mutane suka sayar da awakinsu da ƙofofin ɗakunansu. Ana cikin haka wasiƙa ta zo cewa an tsayar da tallafin karatun, gwamnati na tsuke bakin aljihu. Sai ya nemi aikin koyarwa a makarantarmu.

Farfesan ya rubuto ya ce zai riƙe masa gurbinsa shekara ɗaya. Da shekarar ta cika ya sake rubutowa ya ƙara masa wata. Wasiƙa ta uku ta ce shi zai yi ritaya, amma kada Uwaisu ya bari, don tunaninsa mai kyau ne. Daga nan ba a sake jin komai ba. Lokacin kuɗin ƙasar ya karye, tikitin jirgi ya zama abin da malamin makaranta ba ya ko tambayar farashinsa.

Bai bari ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a zauren mahaifinsa, da zarar gari ya yi hasken da za a ga rubutu, ya yi awa ɗaya yana aiki kafin ya hau keke. A makaranta duk darasin da ba shi da aji yana kan teburinmu. Takarda ta yi wuya a shekarun nan, don haka bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake amfani da shi, Kaltume ta ɗinke masa su da allura da zare su zama littafi. Ba shi da wanda zai tambaya. In ya manta wata ƙa'ida da ke cikin littattafan da ya baro, sai ya zauna ya fito da ita da kansa, wani lokaci zango guda na karatu ya tafi a kan abin da da zai duba a minti biyar.

Wata safiya a 1990 ya shigo yana dariya, irin dariyar da ban so ba. Na ce lafiya? Ya ce ya gano inda ya sa alamar ɗebewa a maimakon ta tarawa, shekara biyu da suka wuce, kuma duk abin da ya gina a kai ya zube. Ya zauna ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Da aka kaɗa ƙararrawa ya ɗauki alli ya tafi aji. Washegari na gan shi ya fara sabon littafi daga shafin farko.

A unguwarsu ana kiransa Malam Ingila, wasu don girmamawa, wasu don zolaya. Akwai masu cewa karatu ne ya taɓa shi. Wata tsohuwa ta taɓa ganin takardunsa ta ɗauka hatimi ne, ta zo ta durƙusa tana roƙon ya rubuta wa jikanta na farin jini. Amma ba wanda zai ce ya gaza a gona. Shi ya riƙe gidan har ƙannensa mata suka yi aure, mazan suka dawo suka kama nasu. Maƙwabcinsa na gona wani dattijo ne, Baba Buwai, daga gidajen Maguzawan da ke bayan rafi waɗanda yanzu suke zuwa coci. Abokin mahaifinsa ne tun suna samari. Shi ya sake koya wa Uwaisu riƙon garma bayan hannunsa ya yi laushi a Turai, kuma shi kaɗai ne yake tambayarsa kowace kaka, "Malam, aikin takardar nan ya nuna, ko da saura?" Uwaisu ya ce, "Da saura, Baba."

Shi da Kaltume sun yi ɓari biyu kafin Allah ya ba su Luba a 1986, daga baya aka sami namiji, Sama'ilu. Luba yarinya ce mai wushirya da surutu, ba ta ganin baƙo ta ƙyale shi. In na je gidan sai ta tare ni a ƙofar zaure ta ba ni labarin akuyarta tun daga haihuwa. Uban yakan yi kamar surutun ya dame shi, amma na lura in ta yi shiru sai ya ɗago ya duba inda take.

A watan Fabrairu na 1996 ya gama. Bai yi wata murna ba. Ya dai ajiye wani littafi mai kauri a gabana, wanda ya kwafe da hannu mai kyau, ya ce, "Shi ke nan. Na bi shi sau uku daga farko zuwa ƙarshe, bai karye ba." Ya ji labarin wani matashin malami, Dokta Basiru, da ya dawo daga waje yana koyarwa a jami'a a Kano, kuma fanninsu ɗaya. Ya ce shi zai kai wa ya duba.

To amma a daidai lokacin ne sanƙarau ya shigo. Zafi ya yi tsanani tun kafin lokacinsa, ana ta jin an yi rashi a ƙauye kaza, an yi a ƙauye kaza, yawanci yara. An sallami ɗalibanmu sun koma gida. Uwaisu ya ɗaga tafiyar mako ɗaya, ya sake ɗagawa. Kaltume ce ta ce masa, "Malam, shekara goma sha biyu kana jiran ranar nan. Cutar ba ta shigo unguwarmu ba. Kwana ɗaya ne, ka je ka dawo hankalinka ya kwanta." Luba ta ce ya sayo mata burodi mai yanka-yanka, irin wanda ta taɓa gani a gidan kawunta.

Ya tafi ranar Talata da safe. Da ya isa aka ce Dokta Basiru ba ya nan, malamai suna ta taro a kan maganar yajin aiki. Ya jira har la'asar, ya wuce Ungogo ya sauka wajen wani ɗan'uwansu. Laraba ma haka. Ya ce mini ya yi niyyar juyowa gida ranar, har ya kama hanyar tasha, sai ya ga in ya koma bai san ranar da zai sake fitowa ba. Ya ƙara kwana.

Ranar Alhamis da hantsi suka haɗu. Dokta Basiru ya karɓe shi da ladabi, ya ba shi kujera, ya buɗe littafin da alamar zai duba shafi biyu ya sallame shi. Sai ya fasa. Ya jawo takarda ya fara bin lissafin da biro. Awa biyu Uwaisu yana zaune yana kallon fankar da ba ta juyawa. Can Doktan ya ɗago.

"Malam, wa ya taimaka maka da wannan?"

"Ba kowa."

"Waɗanne littattafai kake da su?"

Ya lissafa masa guda huɗu, da wasu muƙalu biyu da farfesansa ya taɓa aiko masa.

Dokta Basiru ya tashi ya tsaya a gaban kantar littattafansa, ya daɗe bai ɗauko komai ba. Sannan ya zaro wani littafi mai shuɗin bango, ya buɗe wajen ƙarshe, ya ajiye a gaban Uwaisu da hannu biyu.

"Wallahi, Malam, ban san yadda zan gaya maka ba."

Uwaisu ya gyara tabarau ya karanta. Alamomin sun bambanta da nasa, amma tun layi na uku ya gane hanyar. Abin da ya cika littafi guda da shi, ga shi nan a shafi goma sha ɗaya. A ƙasan shafin an rubuta shekarar da aka fara buga sakamakon, 'yan watanni ne bayan ya baro Ingila. A ƙarshen babin har an sa wani ɓangarensa a cikin tambayoyin da ɗalibi zai gwada kansa da su.

Ya ce bai ji komai ba a lokacin, sai ƙishirwa. Ya roƙi ruwa aka kawo masa. Da ya sha ya ce, "Amma daidai ne? Nawa ɗin?"

"Daidai ne, Malam, layi bayan layi. Akwai wuri ɗaya ma da hanyarka ta fi tasu gajarta."

"Za a buga wannan wurin?"

Doktan ya sunkuyar da kai. "Ba na jin za su karɓa. An wuce nan da daɗewa."

Ya yi masa godiya, ya ɗauki littafinsa ya fito. Motar garinsu ta riga ta tashi, don haka sai Juma'a da safe ya kamo hanya, bayan ya tsaya ya sayi burodin.

Inda mota ke sauke mutanen Unguwar Ɗinya akwai wata tsamiya a bakin titi. Da ya sauka sai ya ga Baba Buwai a gindinta, zaune a kan dutse, da hularsa a hannu. Tsohon ya kwana biyu yana zuwa wurin tun safe, yana duba kowace mota. Ya miƙe da ƙyar ya karɓi jakar hannun Uwaisu.

"Malam, sai haƙuri."

"Inna ce?"

"A'a. Uwar gidan nan taka ce, ƙaramar. Luba."

Zazzaɓi ya kama ta ranar Talatar da yamma, aka ɗauka na shawara ne. Laraba da safe wuyanta ya sanƙare, ba ta son haske. Baba Buwai ne ya ɗaura shanunsa a amalanke ya kai su asibiti ita da uwarta. Suka tarar ba gado, marasa lafiya a kwance a gindin bishiyoyi, ma'aikata uku suna ta gudu tsakaninsu. An yi mata allura, amma an makara. An tura mutum Kano neman Uwaisu, ya yi ta yawo bai san ofishin da zai tambaya ba, ya dawo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, muka yi mata sutura bayan azahar. Ina cikin waɗanda suka sa ta a kabari.

Uwaisu bai yi kuka a bakin titin ba. Baba Buwai ya ce tambaya ɗaya ya yi, "Ta neme ni?" Tsohon ya ce bai iya yi masa ƙarya ba, ya ce ta nema. Suka taka har gida. Ya shiga zaure ya zauna cikin masu gaisuwa, da ledar burodin a hannunsa, ya manta yana riƙe da ita, har sai da wani ya karɓa ya miƙa cikin gida aka raba wa yara.

Bayan sadakar bakwai na same shi a gona yana sassabe shi kaɗai da rana tsaka. Na ce ya zo inuwa. Muka zauna a gindin gawo, a nan ya ba ni labarin Kano duka, a hankali, kamar labarin wani. Na yi masa irin maganar da malami ke yi, na ce kwananta ne ya ƙare, ko yana nan ba zai ƙara mata minti ɗaya ba.

"Na sani, Malam Iliyasu," in ji shi. "Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Ba cewa nake da na tsare ta ba. Ina dai son a ce ina nan ne lokacin da ta kira."

Kaltume kuwa kanta ta ɗora wa laifin. Ta gaya wa matata cewa wata biyu ba ta iya haɗa ido da shi ba, don ita ta ce ya tafi. Shi ma yana kauce mata, yana ganin shi ya bar ta da gawa a hannu. Suna gida ɗaya, ta ajiye masa abinci ta fita, ya ci ya fita. Sai ranar da aka yi ruwan farko, ya shigo ya tarar da ita tana ware irin gyaɗa tana hawaye. Ya zauna a kan tabarmar ya jawo ƙwaryar gabansa ya fara taya ta. Ya ce, "Ba ke kika aike ni ba, Kaltume. Da ba ki faɗa ba ma da na tafi." Ta ce, "To ka yafe mini duk da haka." Ya ce, "Ke ma ki yafe mini." Suka gama ware irin tare.

Bayan arba'in Dokta Basiru ya zo har Unguwar Ɗinya. Ya ji abin da ya faru, ya yi ta tambaya har ya gano gidan. Ya yi gaisuwa, ya ajiye littafin nan mai shuɗin bango a gaban Uwaisu ya ce kyauta ce. Ya kuma ce in ya yarda zai yi masa hanya ya riƙa zuwa yana koyar da ɗaliban jami'a, don mutumin da ya fito da wannan shi kaɗai bai kamata ya ƙare a inda yake ba. Uwaisu ya yi masa godiya ƙwarai, ya ce Inna ta tsufa, kuma ba zai sake kwana nesa da gida ba. Littafin dai ya karɓa.

Shekara guda bai buɗe shi ba. Da bazara ta zagayo masu rigakafi suka zo da allurar sanƙarau, mutane da yawa suka rufe ƙofa, ana ta jita-jita. Uwaisu ya ɗauki hutun kwana uku ya shiga gabansu. Gida gida yake bi yana sallama, in maigida ya fito ya ce, "Ni ne ɗan Malam Ja'afaru. Kun san abin da ya same ni bara. Ga Sama'ilu nan, a gabanku za a fara yi masa." Ya bi unguwarsu, ya tsallaka rafi shi da Baba Buwai suka bi nasu gidajen. Haka ya riƙa yi kowace shekara har ƙarshen rayuwarsa.

Daga baya na ga littafin ya fara zuwa makaranta a jakarsa. Ba ya rubutu kamar da, karatu kawai yake yi, shafi ɗaya ko biyu a rana. Wata rana ya rufe shi ya ce mini, "Sun yi nisa, Malam Iliyasu. Rabin abin da ke nan ban taɓa mafarkinsa ba. Amma abin yana da kyau. Ya fi yadda na zata kyau." Na tambaye shi ko yana baƙin cikin shekarun da ya kashe. Ya ce wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi, ya danganta da ranar.

Ya rasu a kakar 2003, yana da shekara arba'in da takwas. Yana yankan gero ya ce kansa na ciwo, ya zauna a kan dami, ɓarin jikinsa ya mutu. Kwana huɗu ya yi bai yi magana ba. Jana'izarsa ta cika, tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Kano da Ɗambatta, mutanen bayan rafi suka tsaya daga gefe har aka gama. Limamin da ya yi addu'a ya ambaci riƙon zumuncinsa da yadda ya tsaya wa gidan mahaifinsa a shekarun yunwa.

Makarantarmu ta yi shekara huɗu ba a turo mata wani malamin fiziks ba. Kaltume ta koma Ɗambatta wajen Sama'ilu, wanda yake gyaran babura a bakin kasuwa, yana da 'ya'ya biyar. In na je cin kasuwa nakan biya in gaishe ta. Ƙafa ta fara ba ta wahala, ta bar soya gyaɗa, amma har yanzu ba ta bari in tashi sai na sha fura.